A raba mana zancen maganin wiwi da zancen zuƙar wiwi

Assalamu alaikum Edita, ina gaishe ku da aiki ku da duk ma'aikatanku.

Dan Allah ina da ƙorafi kan yadda kafafen Hausa ke ɗauko labarin wiwi duk sanda maganar ta taso a majalisa. Kanun kullum ɗaya ne, wai ana so a halatta wiwi a Najeriya, shi kenan mutanenmu sai su hau a'uzubillahi, babu mai tsayawa ya tambaya wai me ake nufi ma tukuna. Alhali magana biyu ce aka cusa a buhu ɗaya.

Ni dai ban goyi bayan a sakar wa kowa ya zuƙa ba, ko kusa. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma idona ya ga yaran da suka sauko daga gida da ƙarfinsu suna dako, kafin ka ankara sun faɗa shan laud da kolos, wasu kayan zuƙa masu tsananin bugarwa, yaro zai zube a bakin kwata yawu na dalala bai san inda kansa yake ba, ƙarshenta a haɗa kuɗi a sa shi a tirelar da ta sauke kaya a mai da shi wajen iyayensa. Binciken da aka yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a ƙasar nan. To in Buba Marwa da NDLEA suka ce suna tsoron abin da zai biyo baya, wallahi na fahimce su.

Amma Edita, akwai wani yaro a gidan da nake haya a Agege, farfaɗiya gare shi tun yana goye. Wata rana sai ta buge shi sau da yawa kafin azahar, goshinsa duk tabo ne, uwar ta kwashe kujeru da murhu daga ɗakin don kar ya faɗa kansu, ko wanka za ta shiga sai ta roƙi wata ta zauna da shi. An gwada ƙwayoyin asibiti kala-kala, an yi rubutu an yi hayaƙi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya magungunan da aka saba ba sa riƙe musu ciwon. A cikin ganyen nan da muke tsinewa akwai wani sinadari, CBD, wanda ba ya bugarwa, mai bugarwar daban ne, THC ake ce masa. Amurka tun 2018 ta amince da maganin da aka tace daga CBD, Epidiolex, don wasu nau'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Ban ce zai warkar da kowa ba, amma ai likita ne ya kamata ya ce ya dace ko bai dace ba. Yanzu abin da ke faruwa iyaye na sayen wani mai a 'yar kwalba ta WhatsApp, ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san me aka zuba a ciki, su ɗiga wa yaro a baki suna addu'a.

A Disambar 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafiya haɗari da ake ganin kusan ba su da amfanin magani, ƙuri'a 27 da 25, Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Ƙasar Lesotho ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, Moroko ƙasar Musulmi ta yi dokar magani a 2021 kuma har yau zuƙa haramun ce a can. Mu kuma tun dokar 1966 da ta kai har hukuncin kisa ga mai nomawa ake ta tsanantawa, amma gonakin wiwi na dazukan Ondo da Edo ba su ƙare ba.

Masu fafutukar ma suna da laifinsu fa. Marigayi Akeredolu, gwamnan Ondo a lokacin, da ya dawo daga Tailan a 2019 zancen kuɗin shiga ya fi yi, Sowore ma lokacin kamfen neman shugaban ƙasa fitar da ita waje ya dinga faɗa, ƙudurin da su Benjamin Kalu suka kai majalisar wakilai shi ma da hayaniya ya tsaya a 2023. In ka fara da dala, talakan arewa da ɗansa ya haukace ba zai saurare ka ba, kuma yana da gaskiya. Da mara lafiya ya kamata a fara.

Na san za a ce min ai tiramadol da kodin ma da sunan magani suka shigo, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Haka ne. Shi ya sa nake cewa kar a ba kemis ko ɗaya, a tsaya a manyan asibitocin koyarwa, da takardar likita da rajistar sunan mara lafiya, kamar yadda ake yi da mofin, maganin rage raɗaɗi da ake ba masu cutar daji, shi ma ai daga tsiron da ake yin hiroyin yake fitowa kuma ban taɓa jin an ce a bar mai cutar daji ya yi ta ihu ba.

Roƙona Edita, ku haɗa mana zama da Hausa, ku kawo likitan ƙwaƙwalwa da jami'in NDLEA da malamin da zai yi mana bayanin hukuncin larura a shari'a da sharuɗɗansa, sannan a samu uwa ko uba mai jinyar irin yaron nan su ma a ji ta bakinsu. In kun sa rana ku sanar da wuri, mu nan kasuwa za mu taru mu saurara.

Nagode.
Mai bibiyarku daga Agege, Legas