Duwatsu masu amo suna nan Birnin Kudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan kayan kiɗan dutse. Kun kai mu ƙasar Sin, inda a 1978 aka tono duwatsun kiɗa 32 a kabarin wani basarake, kun kai mu Ingila wurin Joseph Richardson, wanda ya gama harhaɗa nasa a 1840. Shiri ya yi armashi. Sai dai har aka yi sallama ban ji an ambaci Birnin Kudu ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

A 1955 ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya ci karo da duwatsu masu amo a nan, kusa da kogunan dutse masu zanen shanu marasa tozo, irin na Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Littattafai suna cewa shi ya gano su. To, ya gano wa Turawa dai, don kakata ta buga su tun tana budurwa, tana cikin 'yan rakiyar amarya.

Ba sassaƙa su aka yi ba, kuma ba sa ɗaukuwa. Falalen dutse ne da ya ɓalle daga uwarsa, ya ɗare kan wani, ƙarƙashinsa fayau. Ka sami dutse daidai cikin tafin hannu ka ƙwanƙwasa, sai ka ji ya amsa kamar kuge. Ka matsa taki ɗaya, murya ta sauya, nan siririya, can mai kauri. Inda aka fi bugu har ya lotsa, ya yi sumul kamar cikin ludayi. Wannan lotsawar ba aikin mutum ɗaya ba ce, ba kuma ta zamani ɗaya ba. Lokacin da muke kiwo, mu huɗu mukan jeru, kowa da gurbinsa, har awaki su faɗa gonar mutane ba mu sani ba.

Bara na kai jikokina. Sun ɗauki hoto, amma ba wanda ya san inda ake bugawa. Daga nesa kuma muna jiyo ƙarar masu fasa dutse, gabana ya faɗi.

Roƙona shi ne ku turo wakilinku da na'urar naɗar sauti, tun tsofaffin da suka san kiɗan suna da sauran ƙarfin hawa. Ya zo da rani, da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi. Ni zan yi masa jagora.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare,
daga karkarar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.