Wasiƙa Daga Agege Zuwa Ga Baba

Agege, Legas

Assalamu alaikum. Baba, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da su Inna da yaran gida baki ɗaya. Ya aka ji da rani? Saƙonku ya iso, cewa Auta ya matsa sai an sayar da gonar bakin fadama an saya masa babur ya taho Ikko. Tunda kun nemi shawarata, ina roƙon a karanta wannan takarda yana zaune yana ji.

Maganar babur a bar ta. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, kuma a watan Satumba ta ƙara huɗu, har da Mushin da Oshodi. Babur ɗin da aka kama ba beli, murƙushe shi ake yi. Inda ba a hana ba kuwa, kafin mutum ya ɗauki fasinjan farko sai ya yanki tikitin 'yan tasha, ga mai da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Gona idan damina ta ƙi, baɗi tana nan. Babur idan ya tafi, ya tafi.

Abin da yaranmu ba sa ganewa shi ne, a gida rumbu ke ciyar da mutum, a nan aljihu. Wanda ya ɗaure damman geronsa ya zuba a rumbu, ko ya kwanta ciwo wata guda za a daka a dama masa fura. Ga kuka da yakuwa a bayan gida, ga kara na girki, ga rijiya. A nan duk waɗannan saye ake yi, har ban ɗaki a wasu kasuwanni sai an biya. Ranar da ba a fita ba, jari ake ci. Kuma ba a iya sayen hatsi da yawa a ajiye, domin iskar garin nan danshi ne da ita: buhun gero in ya daɗe a ɗaki sai ya yi fumfuna, ƙwari su shige shi. Wanki ma yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba. Sauro kuwa, da muka san shi da damina, a nan ba ya hutu saboda kwatoci.

Sai haya. Mai gida kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, a kai kuma akwai la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Shi ya sa za ku ji samari shida ko takwas a ɗaki ɗaya, wasu kuma a rumfar kasuwa ko barandar masallaci suke kwana.

Aikin ƙarfi akwai shi. Mai tura ruwa yakan ɗora jarka 10 ko 12 a kura, kowace lita 25, wato nauyin da ya kai kilo 250 zuwa 300, a kan titi mai ramuka. Daga cinikin zai cire hayar kura da kuɗin mai rijiyar burtsatse, wanda ke ƙara farashi duk ranar da ba wuta ya tada janareta. Taya ta fashe, rabin yini ya tafi. A kasuwar Mile 12 kuma dako ne, tun kafin asuba ake sauke tumatir da albasa daga motocin Arewa. In mota ta yi jinkiri a hanya, kwandunan ƙasa sun dame, ciniki ya faɗi, ɗan dako ma sai ya ji a jikinsa. Masu kiwo sun fi dacewa da mayankar Oko-Oba da ke nan Agege, musamman gab da babbar salla.

Ba na cewa birni ba alheri. Asibiti yana kusa, ba sai an ɗora mai naƙuda a amalanke ba. Kuma yaro mai haƙuri zai koyi walda ko kanikanci ko gyaran waya, sana'ar da zai koma da ita Maraɗi ya ci abinci. Wannan ita ce ribar da ta fi kuɗin aike, domin naira ta faɗi. A 2024 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, don haka abin da ya cika hannu a nan, in an canza shi, sai ya koma ɗan kaɗan.

Idan lallai zai zo, ya zo cin rani irin na iyayenmu. Ya bari a gama girbi a cika rumbu. Ya riƙo katinsa na ɗan ƙasa, in ya iso a yi masa na ofishin jakadanci, domin tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 bai kamata a yi wasa da takardu ba. Ya biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, ya shiga motar fasinja, kada ya hau saman tirelar shanu don araha, hanyar Mokwa da Jebba ta ci mutane da yawa. Da ya sauka za a kai shi a gabatar wa shugaban 'yan garinmu, ya shiga adashi wurin wanda aka sani, ba baƙo ba.

Komawa kuma kada ta wuce watan Mayu. Ruwan Legas yakan kankama tun Afrilu, mutane su tara na sama, cinikin ruwa ya mutu, a daidai lokacin da gona ke jiran sharar daji da kai taki. Wanda ya makara har shuka ta wuce, sai a ɗauki 'yan ƙwadago a noman farko da maimai, kuɗin da ya tara su ƙare a nan.

A gaida Inna ƙwarai, a gaida su Baffa da Liman. A sanar da ni ko dami nawa ya rage a babban rumbu, in san abin da zan aiko kafin azumi.

Wassalam, daga ɗanku.