Wa Ke Magana da Yawun Ma'aikatan Kantunan Kayan Masarufi a Teburin Shawara?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani ƙorafi da ya daɗe yana fitowa daga bakin ma'aikatan manyan kantunan sayar da kayan masarufi a ƙasashe irin su Amurka da Kanada, wato masu karɓar kuɗi, da masu jera kaya a kanta, da masu yankan nama, da masu sauke kaya a sito. Mun saba jin kukansu kan kamfanonin da suke yi wa aiki. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne kukansu kan ƙungiyoyin ƙwadagon da ake cire kuɗi daga albashinsu ana ba su, musamman a lokacin da tsohuwar yarjejeniyar aiki ta ƙare aka zauna tattauna sabuwa. A ganina wannan kuka yana da tushe, kuma shugabannin da ke ɗaukarsa a matsayin butulci ko zugar 'yan adawa suna cutar da ƙungiyoyinsu ne da hannunsu.

Yadda abin yake gudana a wurare da yawa kusan iri ɗaya ne. Watanni kafin wa'adin yarjejeniya ya cika, sai a raba wa ma'aikata takardar jin ra'ayi su rubuta abin da ya fi damunsu, daga nan kuma sai magana ta ɗauke. Kwamitin tattaunawa ya shiga ɗaki da lauyoyin kamfani, a yi makonni ba a jin komai sai gajeren saƙo cewa ana samun ci gaba. Rana ɗaya sai a sanar cewa an cim ma matsaya ta wucin gadi, a kira taron kaɗa ƙuri'a cikin 'yan kwanaki, a miƙa wa mutane taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya ko biyu wanda ya jera ƙarin albashi a sama da manyan haruffa, alhali cikakkiyar yarjejeniyar da za ta mulki rayuwarsu na shekara uku ko huɗu ko biyar ba ta shiga hannunsu ba. Wanda ya tashi daga aikin dare, ko wadda take da yara a gida kuma aikinta na rabin lokaci ne, ana so ya karanta, ya fahimta, ya yanke hukunci a zama ɗaya, a gaban jami'in da ke gaya masa cewa wannan shi ne iyakar abin da za a iya samu.

Kuma abin da ya fi muhimmanci ga ma'aikacin kanti sau da yawa ba ya cikin wancan taƙaitaccen bayani. Ƙarin kuɗin awa ba shi da wani amfani ga wanda aka rage masa awannin aiki a mako, domin a wannan sana'a yawancin mutane ba ma'aikatan cikakken lokaci ba ne, kuma a wasu yarjejeniyoyin sai ma'aikaci ya cika wani adadin awanni kafin ya cancanci inshorar lafiya. Akwai batun jadawalin aiki da ake sauyawa ba tare da isasshiyar sanarwa ba, da batun na'urorin da mai saye yake biyan kuɗi da kansa waɗanda ake ɗora wa mutum ɗaya kula da da yawa daga cikinsu, da ƙarancin ma'aikata a sashe, da yawan awannin da sabon ɗauka zai yi kafin ya kai matakin ƙoli na albashi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in ƙungiya da ya bar aikin kanti shekaru da yawa, ko wanda bai taɓa yin sa ba, yana iya sa hannu a kan sakin layi ɗaya game da jadawali da zuciya ɗaya, ba tare da ya san cewa wannan sakin layin ne zai hana wata mata samun aiki na biyu da take cike gurbi da shi ba.

Wanda yake son ya ga inda wannan rashin yarda ya samo asali a Amurka, to ya duba abin da ya faru a kudancin jihar Kalifoniya. A watan Oktoba na 2003 ma'aikata kimanin 70,000 'yan UFCW, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan abinci da kantuna, suka shiga rikici da kamfanoni uku: sun fara yajin aiki a kantunan Vons, sai Ralphs da Albertsons suka rufe wa nasu ma'aikatan ƙofa. Babban abin da ake jayayya a kai shi ne kuɗin kula da lafiya, kamfanonin kuma suna kafa hujja da shigowar babban kamfanin kantuna na Walmart, wanda ma'aikatansa ba su da ƙungiya. An shafe fiye da wata huɗu, har ƙarshen Fabrairun 2004, mutane sun ci bashi, wasu sun rasa gidajen da suke haya. Tun da wuri shugabannin ƙungiyar suka janye masu zanga-zanga daga ƙofofin Ralphs, matakin da ma'aikata da dama suka ga ya rage wa yajin ƙarfi. Abin da aka tashi da shi a ƙarshe shi ne tsarin hawa biyu: tsofaffin ma'aikata suka riƙe mafi yawan abin da suke da shi, sabbin ɗauka kuma aka sa su a kan ƙaramin albashi, tare da jira mai tsawo kafin su da iyalansu su sami inshorar lafiya. Daga baya, a 2006, kamfanin Ralphs ya amsa laifi a gaban kotu cewa ya riƙa mayar da wasu daga cikin waɗanda ya rufe wa ƙofa bakin aiki a asirce da sunayen ƙarya, ya kuma biya dala miliyan 70. An sassauta tsarin hawa biyun a yarjejeniyar 2007, amma ɓarnar da ya yi ta riga ta shiga.

Na daɗe a kan wannan misali ne saboda tsarin hawa biyu shi ne mafi munin abin da ƙungiya za ta iya amincewa da shi, kuma shi ne mafi sauƙin wucewa a ƙuri'a. Waɗanda zai cuta ba su da ƙuri'a ranar da ake yanke hukunci, tunda ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna. Bayan 'yan shekaru, a sana'ar da mutane ke shiga suna fita da sauri, sai su zama su ne masu rinjaye. Matashin da yake tsaye kusa da abokin aikinsa, suna aiki iri ɗaya amma ana biyansa ƙasa da shi, kuma ya gano cewa ƙungiyarsa ce ta sa hannu a kan hakan, da wace fuska za a je masa da maganar haɗin kai?

Annobar korona ta ƙara hura wutar. A farkon 2020 aka kira waɗannan ma'aikata jarumai, manyan kamfanoni irin su Kroger a Amurka da Loblaw da Metro da Sobeys a Kanada suka ƙara musu dala 2 a kowace awa, sannan suka janye ƙarin bayan 'yan watanni alhali cutar ba ta tafi ba. Bayan haka tsadar rayuwa ta biyo, har ya zama mai jera abinci a kanta yana lissafin ko zai iya sayen abin da yake jerawa. Saboda haka ma'aikata suka shiga zagayen tattaunawa na gaba da buri mai girma, shugabanninsu kuwa da yawa suka shiga da ma'aunin da suka saba da shi tun kafin annoba.

Abin da ya faru a yankin Toronto na Kanada a 2023 ya nuna wannan giɓi ƙarara. Ƙungiyar ƙwadago ta Unifor ta cim ma matsaya da kamfanin Metro, kwamitin tattaunawa ya ba da shawarar a amince, shugabanni suna cewa ba a sami irinta ba a shekaru masu yawa. Ma'aikata kimanin 3,700 a kantuna 27 suka yi watsi da ita, suka fita yajin aiki a ƙarshen watan Yuli, suka shafe kusan mako biyar a waje. Yarjejeniya ta biyu da suka amince da ita ta kawo ƙarin kuɗi mai kauri tun a farko maimakon a shimfiɗa shi a kan shekaru, wanda shi ne ainihin abin da suke nema tun da aka janye musu dala 2 ɗin nan. Dole a yaba wa ƙungiyar cewa da ƙuri'a ta fito ba ta tsaya gardama ba, ta mara wa yajin baya. Amma tambayar tana nan: ta yaya kwamitin da aka ce yana wakiltar mutane zai kasa sanin cewa mutanen ba za su karɓi abin da ya kawo ba? Amsar da na gani ita ce, ba a tambaye su ba a tsakiyar tafiya, sai a ƙarshenta.

Akwai kuma ƙa'idojin cikin gida da ke mayar da ƙuri'ar “a'a” abin banza. A wasu ƙungiyoyi, idan mambobi suka ƙi yarjejeniya da rinjaye amma ba a sami kashi biyu cikin uku na masu goyon bayan yajin aiki ba, shugabanni na iya ɗaukar yarjejeniyar a matsayin karɓaɓɓiya. Misalin da ya fi shahara ba a kantuna ya faru ba, amma darasinsa ya shafe su: a 2018 kimanin kashi 54 cikin 100 na masu kaɗa ƙuri'a a kamfanin jigilar kaya na UPS a Amurka sun ƙi yarjejeniyar da aka kawo musu, duk da haka shugabannin ƙungiyarsu ta Teamsters suka zartar da ita bisa hujjar cewa waɗanda suka fito ba su kai rabin mambobi ba. Fushin da ya biyo baya ne ya sa aka soke wannan ƙa'ida a 2021. A shekarar ce kuma mambobin ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW suka zaɓi su riƙa zaɓen manyan shugabanninsu kai tsaye. A UFCW, wadda aka kafa a 1979 kuma take da mambobi fiye da miliyan ɗaya a Amurka da Kanada, wakilai ne a babban taro suke zaɓen shugabannin ƙoli, kuma akwai mambobin da ke fafutukar a sauya hakan.

Ba zan yi wa shugabannin ƙwadago rashin adalci ba, domin aikinsu a wannan fanni yana da wuya. Ribar kantunan kayan masarufi a kan kowane ciniki ƙarama ce, manyan masu gasa da su da yawa ba su da ƙungiya, asusun tallafin yajin aiki yana da iyaka, kuma jami'in da ya ga abin da ya faru a 2003 yana da dalilin jin tsoron kai mutane ga yajin da ba za su iya jurewa ba. Haka kuma ƙungiya tana yin abin da ma'aikaci shi kaɗai ba zai taɓa iyawa ba. A 2019 ma'aikatan kantunan Stop & Shop a Amurka kimanin 31,000 sun yi yajin kwana 11 suka kare inshorar lafiyarsu da fanshonsu, kuma a 2024 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba ƙungiyar ma'aikatan kantuna ta Usdaw gaskiya a kan kamfanin kantuna na Tesco, wanda ya so ya sallami wasu ma'aikatan sito ya sake ɗaukarsu domin ya ƙwace wani ƙarin albashi da ya yi musu alkawarin dindindin. Sai dai duk wannan wahala hujja ce ta a ƙara buɗe wa mambobi al'amura. Idan da gaske kamfani ba zai iya ba da ƙari ba, a nuna wa ma'aikata lissafin su gani da idonsu. Idan asusun yaji ba zai kai mako uku ba, a faɗa musu, su yanke hukunci da saninsu. Manya ne masu riƙe da gidaje, kuma su ne za su ɗauki nauyin kowace hanya aka bi.

Kada kuma wani ya ce doka ta riga ta kare ma'aikaci daga ƙungiyarsa. Gaskiya ne a Amurka kotuna sun ɗora wa ƙungiyoyi wajibcin wakiltar kowa da adalci, amma mizanin da Kotun Ƙoli ta kafa a 1967 ya tsaya ne a kan yin abu ba bisa wani dalili ba, ko nuna bambanci, ko mugun nufi. Yarjejeniya mai rauni da aka ƙulla da kyakkyawar niyya ba ta karya wannan doka ba. Don haka gyaran ba daga kotu zai zo ba, sai daga kundin tsarin ƙungiya da kuma al'adar shugabanninta.

Abin da nake kira gare shi ba sabon abu ba ne, akwai rassan ƙungiyoyi da ke yin sa. A bar ma'aikata su zaɓi 'yan kwamitin tattaunawa daga cikinsu, a tabbatar akwai masu aikin rabin lokaci da sabbin ɗauka a ciki. A riƙa ba da rahoton kowane zama, abin da aka nema da abin da kamfani ya mayar, kuma a ƙi amincewa da sharaɗin yin shiru da kamfanoni ke son a fara da shi, domin shirun kamfani yake amfana. Muhimmi a kan duka, a ba kowane mamba cikakkiyar yarjejeniya, da alama a kan duk inda aka sauya, aƙalla mako guda kafin ƙuri'a, a buɗe rumfunan zaɓe a lokutan da masu aikin dare da na safe za su iya zuwa, a ƙirga ƙuri'a a gaban shaidu daga cikin ma'aikata.

Su ma ma'aikatan ina da magana da su. Wasu idan ransu ya ɓaci sai su daina zuwa taro, ko su fice daga ƙungiya a inda doka ta ba da dama, kuma hakan ba ya rage wa shugaban da suke kuka da shi komai, hasali ma ƙarancin masu fitowa ne ya ba da kafar da aka bi a UPS a 2018. Wanda bai gamsu ba ya nemi kwafin kundin tsarin reshensa ya karanta ƙa'idar amincewa da yarjejeniya tun kafin lokacin tattaunawa ya zo, ya haɗa abokan aikinsa su gabatar da ƙudurin gyara a taron mambobi, su tsayar da nasu ɗan takara idan zaɓen reshe ya zagayo.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mai bibiyar harkokin ƙwadago