Amsa Ga Mai Tambaya Kan Rashin Tabbas a Hasashen Ɗumamar Teku

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a, inda ka ce tun da manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon yanayi sun saɓa wa juna kan yawan zafin da teku zai ƙara ɗauka, a kan wane dalili za a amince da su. Tambayarka ta cancanci amsa a tsanake, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ke taruwa a duniya teku ne ke haɗiye shi.

Masana suna auna wannan saɓani, kuma sun kasa tushensa gida uku. Na farko shi ne sauye-sauyen da yanayi ke yi da kansa, irin su El Nino, wato ɗumamar da saman Tekun Pasifik ke yi lokaci-lokaci. Don gane girmansa, sai a ɗauki manhaja guda a maimaita lissafinta sau da yawa. Cibiyar binciken yanayi ta NCAR da ke Amurka ta yi haka sau 40, daga 1920 zuwa 2100, ba tare da canza komai ba sai zafin iskar ranar farko, shi ma da ɗan abin da babu ma'aunin da zai iya gano shi, amma duk da haka kowane lissafi ya kama tasa hanyar. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'aunin wannan kashi.

Na biyu ya samo asali daga ginin manhajojin. Yawancinsu suna raba teku zuwa gidajen da faɗinsu ya kai kimanin kilomita 100, saboda haka ƙananan juye-juyen ruwa da ke jigilar zafi a cikin teku, da halayyar gizagizai, ƙiyasta su ake yi, kuma kowace cibiya da irin ƙiyasinta. A zagaye na shida na kwatanta manhajojin cibiyoyi daban-daban, wato CMIP6, ɗumamar duniya da za a samu idan iskar kabon ta ninka ta kama daga digiri 1.8 zuwa 5.6. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, bai ɗauki matsakaicin waɗannan alƙaluma kai tsaye ba. A rahotonsa na 2021 ya haɗa da awon zahiri da shaidar yanayin zamanin da, ya tsaya a kan digiri 2.5 zuwa 4. Na uku kuwa shi ne yawan hayaƙin da mutane za su fitar, wanda shi ke rinjaye idan an hango ƙarshen ƙarni.

Akwai inda nake tare da kai, kuma abin yana damuna ƙwarai. Manhajoji da dama sun gaji sassan lissafi daga juna, don haka haɗuwar bakinsu ba shaidar mutane masu zaman kansu ba ce. Awon da ake gwada su da shi ma yana da giɓi. A 2007 aka gano cewa tsofaffin na'urorin da jiragen ruwa ke jefawa suna kuskuren zafi. Na'urorin Argo, masu nutsewa da kansu suna auna zafin ruwa, kusan 4,000 da ke yawo a teku yanzu sun gyara lamarin sosai, sai dai yawancinsu ba sa wuce zurfin mita 2,000, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai kimanin mita 3,700. Shi ya sa nake goyon bayan a yawaita sababbin na'urorin Argo masu nutsewa har mita 6,000, domin can ne gwajin manhajojin ya fi rauni.

Wassalam.