Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Yauri kan kuɗin binciken wutar ruwa

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Mu masunta da manoman albasa ne na garuruwan bakin Kwara, daga yankin Shanga zuwa Ngaski, muke kawo kukanmu fada.

Ranka ya daɗe, Sarki ya fi mu sanin abin da kakanninmu suka bayar. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamu da makabartu, aka tashi sama da mutum 40,000. Gungawa da yawa sun bar gonakin da suka gada. Madatsar da aka sa wa injinan lantarki na megawat 760 tana haska biranen Najeriya, wayarta ta bi ta Birnin Kebbi har Yamai. Mu kuwa a ƙauyuka da dama har yau fitilar batir muke kunnawa. Kifin da muka kamo da asuba, in ba a yi bandarsa ba kafin la'asar ya lalace, don babu ƙanƙara.

Ba sabuwar madatsa muke roƙo ba, mun ga abin da ta farko ta ci. Akwai ƙananan injina masu farfela da ake saukewa cikin kogi, gudun ruwa kaɗai ke juya su su ba da wutar lantarki, ba a tare ruwa, ba a tada kowa. Irinsu ake gwadawa a teku inda ruwa ke hawa da sauka. Sai dai kafin a kawo su nan dole a auna kogin namu: ƙarfinsa lokacin farin ruwan damina, da lokacin baƙin ruwan da ke isowa daga Mali da sanyi, da wuraren da yashi da ciyawa ke toshewa. Wannan aiki ne na bincike, kuma bincike sai da kuɗi.

Akwai cibiyar binciken wutar ruwa ta ƙasa a Jami'ar Ilorin, akwai kuma hukumar HYPPADEC da dokar 2010 ta kafa domin yankunan madatsu, Kebbi na ciki. Muna roƙon Mai Martaba ya kira sanatanmu da 'yan majalisarmu, ya nemi su ware wa wannan bincike nasa kuɗin a kasafin shekara mai zuwa, a kuma rubuta cewa a ƙasar Yauri za a yi gwajin farko. In masanan sun zo, a haɗa su da sarakunan ruwanmu, domin su suka san inda ruwa ke gudu da inda yake kwance. A kuma ɗauki yaranmu da suka karanta fasaha su koyi gyara, kada injin ya tsaya a rasa mai taɓa shi.

Kwale-kwalenmu da matuƙanmu suna nan, duk ranar da za a fara awo mu za mu kai su.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Masunta da manoman bakin Kwara, Masarautar Yauri