Godiya ga shagon gyaran kwamfuta da ya sanya mana katin HBA

Assalamu alaikum. Zuwa ga Maigida da ma'aikatan shagonsa a kasuwar Farm Centre, Kano.

Mun rubuto ne a bainar jama'a don mu gode muku kan katin HBA samfurin LSI 9211-8i, wato katin da ke haɗa fayafan ajiya da yawa da kwamfuta, da kuka sanya a kwamfutar tebur da muke ajiye bidiyo. Soka kati a rami kowa ya iya. Abin da ya burge mu shi ne aikin da kuka yi kafin nan da bayansa.

Kun fara da manhajar cikin katin. Da yawa suna zuwa da ta IR, wadda aka yi don RAID, wato katin ya haɗe fayafai su zama kamar ɗaya, ku kuwa kun mayar da shi IT, wadda ke miƙa fayafan yadda suke, sigar 20.00.07.00, domin ZFS, tsarin da ke kula da ajiyar fayilolinmu, ya ga kowane faifai kai tsaye, har da bayanan lafiyarsa na SMART. Sai da kuka kwafe lambar SAS, wato adireshin katin, da ke manne a jikinsa tukuna, saboda goge tsohuwar manhajar yana iya tafiya da ita.

Kun cire wayar wuta, kun danne maɓallin kunnawa har ragowar wutar ta fita, kun ɗaura abin hannu mai sauke cajin jiki. Katin na PCIe x8 ne, wato mai layukan sadarwa 8, sai kuka ba shi ramin x16, bayan kun duba littafin babban allon kwamfutar kun tabbatar layuka nawa ramin yake da su a zahiri, don wani dogon ramin x4 ne kawai a ciki. Gajeren ƙarfen bayan katin ma kun sauya shi da dogo, sukuru ya kama.

Waya kuwa a nan ake yawan faɗuwa. Katin yana da baki 2 na SFF-8087, kowanne yana ɗaukar faifai 4. Wayar da ke fita daga kati zuwa fayafai da wadda ke yin akasin haka kamarsu ɗaya a ido, amma in aka sa ta biyun, ko faifai ɗaya ba zai bayyana ba, mai gyara ya ce kati ya mutu. Kun zaɓo ta daidai. Da wani faifan ya ƙi juyawa, nan take kuka gano wutar 3.3V ce a fil na 3 na bakin wutar faifan take hana shi tashi, kuka rufe fil ɗin da tef mai jure zafi.

Sai fanka. An ƙera katin nan don sabar, wato babbar kwamfutar cibiya da iska ke kaɗawa a cikinta, kuma a akwatin tebur, cikin zafin Afrilu, yakan yi zafi har fayafai su riƙa ɓacewa ana tsakar aiki. Ƙaramar fanka mai milimita 40 da kuka ɗaura masa, bayan kun sabunta man da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyayawa, ita ta kwantar mana da hankali.

Fayafai 8 duk sun bayyana, kun kuma bar su a gwaji har kwana guda kafin ku sallame mu.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa kasuwa albarka.

Naku,
Ma'aikatan wani ɗakin tace bidiyo a Kano