Rahoton ayyukan shekarar 2024 na ƙungiyarmu ta manoman rani da masunta

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da sauran 'yan uwa, barkanmu da war haka. Sakatare ne, wanda bai samu zuwa mitin ɗin Nguru ba ga abin da aka karanta.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu bana dai kachala ce, doguwar ciyawar nan mai tsiro a cikin ruwa, kamar kullum. Mun yi gayya kafin ruwa ya iso, matasa cikin ruwa har ƙirji da lauje da adda, matsattsaku na kama ƙafa ana cirewa ana ci gaba, Allah ya saka wa matan da suka riƙa kawo mana kunu har bakin gaɓa. To amma gaskiya ciyawar nan ba a gama da ita da lauje, tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina zuwa ya janye a lokacinsa yadda iyayenmu suka sani, shi ne ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, 'yan wajen rafin Marma ruwa na cin gonakinsu alhali 'yan rafin Burum Gana na neman na ban ruwa, ga tsuntsayen jan baki na kwana a cikinta da asuba su sauka kan shinkafa. Damina ma ta rikice, a yi fari sannan a zubo shi lokaci guda, kowa ya ga yadda dam ɗin Alau ya ɓalle kan Maiduguri a watan Satumba, mun tura ɗan abin da muka tara.

Sai maganar boda. Rufewar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ta karya jarin membobinmu masu harkar tattasai da bandar kifi da mutanen Diffa, an buɗe a Maris ɗin bana amma har yau ciniki bai dawo ba. Kogi ɗaya muke sha da su fa, Komadugu Yobe, shi ne ya raba mu kuma shi ke gangarawa Tafkin Chadi. Batun janyo ruwa daga Kongo a cika tafkin kuwa tun muna yara muke ji a rediyo, mu dai ba mu sa shi a lissafi ba.

Kuɗi: mun gyara injin ban ruwa na ƙungiya, fetur ya cinye sauran, shi ya sa kwamiti ya kawo shawarar mu koma sola. Masu bashin kuɗin wata don Allah ku ga ma'aji kafin zama na gaba, da shi za a sayi fanel ɗin farko.